Mujiyar Tsamiyar Gidanmu

Landan, Janairu 1962

Zuwa ga Yaya Shaihu, malamin makarantar Boɗinga,

Gaisuwa mai yawa. Yaya matarka Maimuna, yaya Inna da ƙafarta? Na samu takardarka. Allah ya jiƙan ɗiyarka Madina, ya ba ku haƙuri.

Ni lafiyata lau. Tarin nan ne kawai, sun ce sanyi ne, zai wuce. Kada ka gaya wa Inna.

Ka ce Baffa zai sa a sare tsamiyar bayan rumbunanmu na can gida Lambara, don mujiyar da ke kanta ta yi kuka kafin rasuwar. Yaya, don Allah ka hana. Zazzaɓi ne ajalin Madina, kai ma ka sani.

Makon jiya, a nan inda nake koyon aikin malanta, anka sa ni koya wa 'ya'yan Turawa yadda halittu ke cin juna. Na zana hatsi a allo, na zana kusu, wato ɓera, yana cinsa, na zana mujiya tana cin kusu. Da na goge mujiyar, wata yarinya ta ce, "To, wa zai tsare hatsin?" Rumbun Inna ya faɗo mini a rai. In anka kori mujiya, kusu zai cinye cimakarmu kafin damina.

Ka zana wa ɗalibanka haka. Jikokin Baffa na cikinsu, kuma ya fi jin maganarsu da tawa.

Ku bar ta ta yi kukanta, Yaya. Ni nan, da zan ji shi ko sau ɗaya, da na san gida bai yi nisa ba.

Ƙanenka,
Hammadu