Alamar Ɗebewar da Ta Ɓace a Fotokofi

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kada kuma a yi mini ca, faɗan da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni malamin lissafi ne, ɗan kwantaragi, a wata makaranta a Tanut. Akwai manhajar da muke tsara takardun jarrabawa da ita a ordinatar, wato kwamfuta, ni kaɗai na iya ta. Bana rawar kai ta ɗebe ni, na ƙara mata sababbin haruffan lissafi sirara, na kuma sa layukan kod da ke cikin wasu tambayoyin, wato umarnin da ake rubuta wa ordinatar, su riƙa fitowa da launi, ja da kore da ruwan ɗorawa. A allo gwanin sha'awa. Wa ya aike ni? Tsofaffin haruffan me suka yi mini?

Jarrabawar gwaji ta zo. Mushe Isuhu (Mushe muke ce wa malami a nan), dattijon da ya koyar da ni, shi ya rubuta tambayoyin, ni na buga. Ban gwada ko shafi ɗaya ba a injin fotokofinmu, wanda sai an girgiza tawadarsa kafin ta fito. Aka kwafa, aka liƙe, aka aika har makarantun Gangara da Ollelewa. Layukan ruwan ɗorawa suka fito fari fat, alamar ɗebewa siririyar nan ta ɓace. Yara suka yi ta kokawa da tambayar da ba ta da amsa, wasu har da kuka.

A taron malamai aka ɗora wa tawada laifin kod, aka wuce. Na lissafi kuwa, darakta ya dubi dattijon ya ce, "Mushe, idanun nan fa sun gaji, a bar wa matasa aikin." Dattijon ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Mai yiwuwa ne." Ni ina zaune, na bar laifin a kansa. Da ya nemi takardar da ya rubuta, na ce ta bi shara. Har ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, yi haƙuri, na sa ka buga shirme."

Yanzu ni aka ba aikinsa. In na yi magana, kwantaragina ne zai tafi, ga iyali. In na yi shiru fa? Wallahi na gaji, ko abinci ba ya shiga.

Jibi zai hau mota zuwa Damagaram a duba masa ido. Ya roƙe ni in raka shi, wai ya daina yarda da ganinsa. Jama'a, me zan yi?