Gidan da Baba Yake Ja

Zuwa ga Yayana,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga ni har Baba. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya hidimar gida? Na ce bari in rubuto maka, tunda in na kira kullum kana cikin taro, in kuma ka ɗauka sai ka yi wa Baba addu'a ka kashe kafin in buɗe baki.

Jikin Baba da sauƙi, alhamdu lillahi. Ɓarin dama har yanzu ba ya motsi, amma hannun hagu ya yi ƙarfi, yana riƙe cokali da kansa. Magana ce dai babu. Tun da ciwon nan ya kayar da shi, kalma ɗaya ta rage masa a baki: haba. Yana jin ƙishirwa, haba. Na juya shi a gado, haba. Na ce ka aiko da gaisuwa, haba. Wannan ta ƙarshen kam ni ma na taya shi.

Likitar da ke koya masa magana ta ce a yi masa hotuna ya riƙa nunawa da yatsa. Ta kawo nata, ya dube su sau ɗaya ya juya fuska bango. Sai na ce ai sana'ata ce aka zo, ni da nake zana alamomin da ake liƙawa a asibiti da tasha, ta matakala, ta bayan gida, ta ƙofar fita. Na buɗe manhajar da muke zane da ita a kwamfutata, wadda ake taɓa fuskarta da yatsa, na zana masa kofi, gado, magani, rediyo da kujera.

Ka san Baba, kafintan jikinsa bai kwanta ciwo ba. Kujerar ya ƙura wa ido ya ce haba. Ashe ƙafa ɗaya ta ɗan fi sauran tsawo, abin da ni ban ma gani ba. Na nuna masa yadda ake yi: ka taɓa abu, akwati mai ɗigo-ɗigo ya kewaye shi, ka zaɓe shi ke nan. Ka ja, ya bi yatsanka. Ka kama kusurwar akwatin, ka ƙara masa girma ko ka rage. Wallahi Yaya, da hannun hagun nan ya daidaita ƙafar kujerar. Na yi dariya a gabansa, na shiga kicin na sha kukana.

Ni kuwa ina nan, daga ɗakinsa zuwa kicin, daga kicin zuwa igiyar shanya. Gwaggo tana leƙowa in ƙafarta ta bar ta, lokacin nake samu in yi wanka a natse. Rabona da in wuce kantin maganin bakin layi har na manta. Shugabarmu ta ofis ta kira, ta ce ta riƙe mini teburina iya ƙoƙarinta, amma in watan gobe ya ƙare ban koma ba za su ɗauki wani. Ka san yadda na sha wuya kafin in samu aikin nan. Ban gaya wa Baba ba, sai dai bangon ɗakin nan ka san shi, ba ya riƙe magana.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce wa yara ina kewar surutunsu.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina sake gaishe ka, da fatan murar da Anti ta ce ta kama ka ta sake ka. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Wani abu ya taso, shi ya sa ban jira amsarka ba. Na ƙara wa Baba hotuna. Na zana gidanmu, shi yana kwance a ciki, ni ina tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu. A gefe na zana motar haya, don ranar zuwa asibiti. Kai ma na zana ka can a kusurwar sama, da ƙaton tumbinka da waya a kunne. Kada ka ji haushi, Gwaggo ta ce kamar an tsaga kara.

Tun ranar Baba ya bar kofi da rediyo, ya koma kan gidan. Sai ya ɗora yatsa ya ja, gidan gaba ɗaya ya taso, da shi da ni da gadon, ya kai mu jikin motar. Sai ya ce haba, ya bugi katifa. In mayar da gidan wurinsa, ya sake ja. Haka muke wuni. Na tambaye shi ko asibiti yake so, ya kawar da kai. Na tambaye shi ko wurinka yake so mu koma, ya gyaɗa kai, ya kuma girgiza. Likita ta riga ta ce kada in dogara da motsin kansa, ciwon yana rikita masa e da a'a.

Ni dai abin da na gano, Baba ya gaji da ɗakin nan, so yake mu tattara mu taho wurinka. Me kuma mutum zai nufa in ya ɗauki gida sukutum ya kai tasha? Gaskiya ni ma raina ya kwanta da hakan, don daga gidanku zuwa ofishinmu ba nisa. In yana wurinku, da rana Anti da mai aikinku suna nan, da yamma in karɓe su. Don Allah Yaya ka duba maganar nan da idon rahama. Ina son Baba, Allah ya sani, amma numfashina ya fara yi mini kaɗan a gidan nan. Jiya na tsinci kaina tsaye a bakin taga ina jin haushin mai sayar da burodi don kawai yana tafiya inda ya ga dama.

Ina jiran amsarka. A gaida kowa da kowa.

Taka,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Saƙonka ya iso, keken marasa lafiya da ka aiko shi ma ya iso, an gode. Na karanta bayanin matakalar gidanku, da ƙanƙantar ɗakin baƙi, da jarrabawar yara. Ban ce ƙarya ka yi ba. Na dai ninke takardar, na zauna na fara rubuta wa shugabarmu cewa ta ba wani teburin. Ban aika ba, saboda abin da zan gaya maka yanzu.

Maganar ƙaura, ni ce na yi wa Baba mummunar fahimta. A ofishinmu, duk alamar da ka gama sai ka zaɓi gutsattsarinta duka ka ɗaure su wuri ɗaya, don kada wani ya zo ja, kai ya tafi ya bar gangar jiki. Hannuna ya saba, ko tunani ba na yi. Haka na ɗaure hoton gidanmu: bango, rufi, gado, Baba, ni. Duk inda ka taɓa a ciki, duka ka zaɓa.

Shekaranjiya ya matsa da nuna ƙofar gidan yana haba, haba, wai ta karkace. Na kwance ɗaurin don in gyara masa ita. Ban gama ba na ji ƙauri daga kicin, na bar masa kwamfutar a cinya na ruga. Da na dawo, gidan yana nan inda yake, Baba yana ciki a kan gadonsa. Ni ce ba na ciki. Ina can jikin motar haya, da farantina a hannu.

Na ɗauka hannunsa ne ya zame, na mayar da kaina bakin ƙofa. Ya dube ni irin kallon da yake mana muna yara in mun taɓa masa zarto. Ya ɗora yatsa a kaina, akwatin ya kewaye ni ni kaɗai, ya ja ni a hankali har mota. Sannan ya koma ya taɓa farantin, ya cire shi daga hannuna, ya mayar da shi cikin gida. Ashe duk kwanakin nan a kaina yake ɗora yatsa, ni yake ja, gidan yake biyo ni. Mutumin nan ya ji wayar shugabarmu tun ranar, yana ta korata in tafi aikina, ni kuma ina ta mayar da gida wurinsa ina ba shi haƙuri.

Na zauna a bakin gado. Na ce masa in na tafi wa zai zauna da shi, Gwaggo da ita ma sai an taimaka mata ta miƙe? Bai ce haba ba. Ya miƙa hannu can kusurwar sama, ya taɓa ka. Hanyar da nisa, yatsan yana kuɓucewa, kana faɗuwa a tsakiyar fili yana komawa yana ɗauko ka, gumi har wuyansa. Na kai hannu zan taimaka, ya ture ni da gwiwar hannu. Da ya kawo ka bakin ƙofa sai ka ƙi shiga, don na zana ka ka fi ƙofar girma. Ya tsaya yana dubawa kamar yadda yake duba katako. Sai ya kama kusurwar akwatin, ya rage ka, ya rage ka, har ka yi daidai, ya shigar da kai ya tsayar da kai kusa da gadonsa. Farantin ma ya ja ya sa maka a hannu.

Ga hoton nan na buga na haɗo maka, ban taɓa komai a ciki ba. Ban kuma ɗaure shi ba, kowa a sake yake, wanda ya so ya fita zai fita. Na san kana da aiki da iyali, na san ba abu ne mai sauƙi ba, ko hutu za ka ɗauka, ko karɓa-karɓa za mu yi, wannan kai za ka duba. Jakata tana ƙarƙashin gado ban jawo ta ba, wata kuma ya kusa ƙarewa. Duk motar da ta tsaya a layinmu, Baba sai ya ɗaga kai ya kalli ƙofa.

Ni na roƙe ka a baya ka ba ni amsa. Wannan karon ba ni na tambaya ba, Yaya. In a'a ce, kada ka rubuto mini. Ka zo ka faɗa masa da bakinka.

Ka gaida Anti da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Auta