Malam, na ce Saratu ta bar gidanka

Assalamu alaikum, Malam. Gaisuwa mai yawa daga iyalinka da ke Ƙaura, inda muke raɓe wajen yayana tun ranar da 'yan bindiga suka same ka a gona, suka sa wa garinmu wuta.

Ɗiyarka Saratu ta samu gurbin karatun jinya a ƙasar waje, amma sai ta ci jarrabawar Turanci ta baka. Zaunar da mutum ake yi, a ba shi minti biyu ya yi magana. Cikin abin da malamarta ke sa ta maimaitawa har da wannan: ta siffanta ginin da ta fi so.

Ka san wanda ta ɗauka: gidan da ka gina mana.

Ni ba Turanci nake ji ba, agogo kawai nake riƙe mata. Amma hannunta nake kallo. Ina ganin ta zagaya zaure, ta jera tubali, ta shafe bango da makuba kamar yadda kake yi kafin damina. Ta ce mini har maganarka ta juya da Turanci, wai ƙasar da ba ta kwana ba ba ta riƙe bango. Da ta ɗaga hannu wajen azara sai murya ta ɗauke. Ita ta ga rufin nan yana ci, ni ban waiwaya ba. Sau biyar muna gwadawa, lokaci na ƙarewa tana kallon tabarma.

Malamarta ta ce ta ƙago wani gini, ba mai bincike. Na ƙi. Ka san a allo aka raine ni. Sai na ja ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ta ƙirga tagogi, ta dubi rufin kwano. Ta yi minti biyunta cif, ba gargada.

Saura kalma ɗaya. Dole sai ta ce ginin tashar ta fi so. Ta tambaye ni ko halal ne.

Malam, na ce ta faɗa, alhakin a wuyana. Jibi za ta zauna gaban baƙo ta yabi ginin da ba naka ba, da izinina. Ka yafe mini, in dai tana da rabon fita daga nan.

Allah Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Allah Ya sake mata harshe, ni kuma Ya gafarta mini abin da na koya mata.

Taka har gobe kiyama,
Uwar 'ya'yanka