Baba Birki da Tukwanen Asibiti

Cikin alhini, amma da zuciya mai godiya, Majalisar Dattawan Ikilisiyarmu ta Lutheran, a ƙarƙashin jagorancin limaminmu, Mai Girma Rabaran, ta karɓi labarin rasuwar Dattijo, Malamin Ajin Riƙon Amana, ubanmu mai gyaran kekuna, wanda babba da yaro ke kira Baba Birki, wanda Ubangiji ya kira gida a asibiti ranar Talata da tsakar rana, yana ɗan shekara saba'in da takwas. Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Mama, mai ɗakinsa, da 'ya'ya da jikoki, musamman autarsa, mai dafa wa majinyata abinci a wannan asibitin, wadda tun ranar ta ƙi ci ta ƙi sha, tana cewa ta bar mahaifinta ya cika tana can wurin tukwane. Saboda ita ne saƙon nan ya fi na kullum tsawo.

Marigayi ya sami laƙabinsa ne a bakin aiki, domin ko faci ka kai masa sai ya duba birki, wai ai ran mai keke ma amana ce aka ajiye a rumfarsa. Da wannan hali ya riƙe ajinsa shekara talatin da ɗaya. Ajin ba ya zama a majami'a. Kowane wata sai a kwashi benci a tafi wurin sana'ar ɗaya daga cikinmu, a yi addu'a, sannan Baba ya shiga leƙe-leƙe, yana cewa kowace sana'a kira ce daga Allah, kuma a nan ne ake gane Kirista, ba a kan kujerar Lahadi ba.

Babu wanda ya tsira. Magininmu ya taɓa miƙa kansa zai gina katangar majami'a kyauta, Baba ya ce an gode, amma ya fara komawa ya miƙe wadda ya karkata wa maƙwabciyarsa. Ni da nake rubutun nan tela ne, kuma ranar da aji ya sauka a shagona, Baba ya ɗaga wata rigar makaranta da na yi wa alkawari sau huɗu, ya ce, "Dattijo, mai rigar nan tana aji nawa yanzu?" Aka yi ta dariya, ni kuwa gumi ya wanke ni, na ɗinke ta kafin a tashi. Shi kansa Rabaran, Baba ya taɓa raɗa masa cewa ma'aikatan jinya da ke cikin ikilisiya na da aiki ƙarfe sha biyu, tsawon wa'azi kuwa ya ragu da kusan rabi, ikilisiya na godiya har gobe.

Yanzu ga maganar da ta fi damun Majalisa. Mun ji ƙus-ƙus ɗin wasu, wai wace irin 'ya ce za ta bar uba a gadon ciwo ta tafi girki, kuma muna faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa abin ya ɓata mana rai. Majalisa ta tura dattawa biyu wurin majinyacin da ke gadon kusa da na Baba, wani tsohon direba, kuma ga shaidarsa. Auta ta zo da safe ta zauna, ta ce yau ba inda za ta. Baba ya tambaye ta mutum nawa ke jiran abincin rana, ta ce tamanin, ciki har da waɗanda ba a sa wa gishiri, kuma ita ce ta san kwanon kowa. Ya ce, "To, 'yata, me kike yi a nan? Ga uwarki, ta ishe ni. Tashi." Ta tashi tana kuka.

Da sha biyu ta yi, in ji direban, sai ga ƙarar keken rabon abinci daga can ƙarshen baranda. Baba ya buɗe ido, ya kasa kunne, ya yi murmushi, ya ce wa Mama, "Kin ji 'yata? Ba ta makara ba. Sai dai ƙafar keken nan na son mai." Bai ƙara magana ba.

Muna roƙon Allah Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ya ta'azantar da iyali, ya ba Mama ƙarfin zuciya, ya riƙe mu duka cikin begen tashin matattu. Ke kuwa, Auta, 'yarmu, ki share hawaye, ki ci abinci. Ke ba ki gan shi ba a sa'arsa ta ƙarshe, amma shi ya ji ki, kuma da farin cikinki ya tafi.

Sa hannu:
Dattijo Malam Tela,
Sakatare kuma Kakakin Majalisar Dattawan Ikilisiya