Kujera Ɗaya Zuwa Ƙanƙara

Litinin, 4 ga Nuwamba
Kujera ɗaya ce tamu a helikwaftan da zai hau dutse auna ƙanƙara, kuma Pak Handoko, shugaban sashenmu, ya ba Yosina, ƙaramar ma'aikaciyarmu. Wai likita ya ce jinina ya hau. Tun tana makaranta nake hawa dutsen nan! Ni na dasa bututun awon da hannuna, gaɓa-gaɓa, mita biyu kowace, muka zura su cikin ramin da muka haƙa a ƙanƙarar. Duk zuwa sai in ga gaɓa nawa ta fito fili, in san kaurin da ya narke. Kowa na cewa bana ne zuwan ƙarshe, don ƙanƙarar ta kusa ƙarewa. Na ce masa "ba komai, Pak." Ƙarya nake.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Ta gwada rigar sanyi a tsakiyar ofis, cikin zafin garin Timika, kowa na tafi. Rigar ko kyau ba ta yi mata ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba
To, ta yi mata kyau. Sai me?

Talata, 12 ga Nuwamba
Ta zo teburina tana taunar pinang, goron mutanen nan, baki jawur. "Ibu Lastri, daga ina zan ɗora tef, kan garin ƙanƙarar da ya zubo ko kan mai taurin?" Na ce, "Ba ke ce gwanar hoton tauraron ɗan'adam ba? Tambaye shi mana." Ta yi dariya ta ce hoto faɗi yake gani, kauri sai Ibu. Daɗin baki. Na dai nuna mata: ta share garin, ta auna shi daban, ta ɗiba ta gwada nauyinsa, don a san abin da ya sauka da abin da ya tafi. Nan take ta gane. Wannan ma ya ba ni haushi.

Wai kakarta ta ce ta gaishe da dutsen. Ni wa ya taɓa aika da gaisuwa?

Alhamis, 14 ga Nuwamba
Sun tashi da hantsi. Na zauna gaban rediyo ina cika ina batsewa. Sai ga muryarta tana haki: "Ibu, bututun yana kwance. Dukansa. A kan dutse tsurarsa." Na ce ta duba da kyau, ƙila ta ɓata wuri. Ta karanto min lambar gaɓar ƙarshe, wadda ni na rubuta. Ta ce, "Me zan auna, Ibu?" Na ce ta gaya min abin da take gani kawai. Ta fara, kuka ya ci ƙarfinta. Ashe jana'iza aka aike ta, ni kuma ina ta kishi.

Juma'a, 15 ga Nuwamba
Ta dawo leɓe duk a fashe. Na kai mata nasi kuning, don dai shinkafar ta yi min yawa ne. Ta ci, barci ya ɗauke ta a kan kujerata. A tsaye na yi aikin yau.