Kwalbar Namfon

Yaya Bunlom,

Ina gaishe ku. Ya ƙafar Inna?

Likitocin Bangkok gwanaye ne. Sun gano wiwin da Inna ke jefawa a miya yana maganin farfaɗiya, har kamfani ya yi masa rajista da sunansa. Yanzu ana gwajinsa a kan yara, har da tawa. Rabin yaran ana ba su maganin, rabi man riɗi zalla, kuma ba a faɗa wa iyaye. Na ɗanɗana kwalbar 'yata Namfon, duk wayona na kasuwa ban gane wanne ne a ciki ba.

Lafiya muke. Jiya Namfon ta faɗi sau biyu, ba wanda zan kira ya riƙe min kanta. Ku sa mu a addu'a.

Likita ya ce, "Haƙuri, Mama, yaran duniya kike taimako."

To Namfon 'yar ina ce?

Ƙanwarki,
Lamduan