Ni na ƙaga labarin kular Tanti

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, ina gaishe ki tare da masu karatu, manya da ƙanana. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin kowa ya zaro bulalar bakinsa ya bari in kai ƙarshe. Na san za a zage ni. Ni ma na zagi kaina har zagin da na iya ya ƙare na koma maimaici. Shawara nake nema da gaggawa, don abin da ake shirin yi jibi ne.

Ni mace ce, shekarata goma sha biyar, ina kolej a nan Madarumfa. A gidanmu an san ni da baki. In na ga ɓera sai in ce na ga tunkiya mai dogon bindi, in aka yi yayyafi sai in ce tafkin garinmu ya taso ya shigo kasuwa cefane. Mutane su yi dariya, ni kuma in ƙara. Ban taɓa ɗaukar abin laifi ba, gani nake gishiri kawai nake sa wa zance.

Ina da ƙane ɗan shekara huɗu, zan kira shi Nuru ko da yake ba sunansa ba ne. Bana da aka koma lakwal, wato makaranta, Baba ya sa shi a jardan, makarantar ƙananan yara ta kuɗi da wata Hajiya ta buɗe a unguwarmu, ɗaki biyu da rumfa da lilo guda. Kai shi kowace safiya ya faɗo a kaina tunda hanyar kolej ce, maƙwabta kuma da suka ga banza ta faɗi sai suka haɗo ni da nasu, na zama makiyayiya ba sanda. Wanda bai taɓa kai ’yan jardan makaranta ba bai san wahala ba. Wannan ta cire takalmi, wancan ya ga akuya sai ya tsaya sun gaisa, wani fitsari ya matse shi daidai inda ba wurin yi. Nuru kuwa da mun hango ƙofar makarantar sai ya zauna daɓas a ƙasa ya wage baki, kukan da na rantse ana jin sa har garin Ɗan Issa. Kullum a makare nake isa kolej, sirbeyan mai tsaron ƙofa ya sa ni tsintar leda a fili ’yan ajinmu suna leƙe ta taga. Ina dalili? Ni na haife su?

Malamarsu, wadda suke ce wa Tanti, matashiya ce mai sanyin murya daga wani ƙauye wajen Safo. Kullum tana zuwa da wata ƙatuwar kula shuɗiya, irin ta zuba abinci. Wata safiya Nuru ya zube zai fara, na hango Tanti tafe da kularta, sai Shaiɗan ya raɗa mini, ko kuma in faɗi gaskiya ni na raɗa masa. Na durƙusa na rage murya na ce, “Ka san abin da ke cikin kular can?” Ya tsaya da baki buɗe. Na ce, “Yara masu kuka ne. Tana shafa kansu sai su ƙanƙance kamar ɗan tsako, ta jefa su ciki ta murɗe marfi. Da marece ta kai su tafki ta ba kifi.” Har muryar yaran cikin kular na yi musu, shi da yaran maƙwabta, ’yar siririya ta hanci, “Inna, Inna, buɗe mani.” Na rufe da cewa duk wanda ya gaya wa manya inda ya ji wannan magana, shi ne na gaba.

Anti, ya yi aiki. Tun daga ranar suka riƙa tafiya a jere kamar sojoji, kowa riƙe da rigar na gabansa, ko tari babu. Maƙwabta suka ce wannan yarinya tana da hannun reno, wata har da ba ni ɗan kunne. Sirbeyan ya tambaye ni ko na tuba ne. Ni kuma daɗi ya kwashe ni, kowace safiya sai na ƙaro sabon babi: yau kula tana buɗe kanta, gobe Tanti tana da ido na uku ƙarƙashin kallabi. Ban tsaya na tuna ba cewa shafa kai shi ne abin da Tanti take yi wa duk yaron da ya yi kuka. Kuma ga abin da ya fi ba ni kunya: na taɓa ganin cikin kular da idona. Kunun gyaɗa ne take damawa a ɗakinta ta kawo wa yaran da aka turo ba a ba su komai na ci ba. Na gani, washegari kuma na ci gaba da labarina. Wace irin mutum ce ni?

Sai Nuru ya kwanta zazzaɓi. Wata la’asar jikinsa ya yi zafi kamar murhu, yana kwance a tabarma a tsakar gida, Innarmu tana goga masa ruwa, Baba yana tsaye, kakarmu Iya tana gefe da tasbaha. Sai ya fara fisge-fisge yana cewa, “Tanti kar ki sa ni kula, na daina kuka, kar ki kai ni tafki.” Iya ta ajiye tasbahar a hankali ta dubi Baba ta ce, “Ka ji da kunnenka ko? Maigidana ya kama suna.” Wanda ba ɗan nan ba ne bari in gaya masa: a wurinmu in marar lafiya ya kira sunan mutum cikin zafin ciwo yana roƙonsa, a wajen tsofaffi an gama shari’a, maye ne ya kama kurwarsa. Ina tsaye a wurin riƙe da kwanon ruwa. Lokacin da ya kamata in yi magana ke nan. Bakin nan nawa da ba ya hutawa ko ina cin tuwo, ranar ya ɗauki hutu.

Kafin magariba an tara yaran maƙwabta ana tambayarsu. Duk suka ce ai kowa ya sani. Wata ’yar ƙarama ma ta ce ita da idonta ta ga hannu ya leƙo daga kular, abin da ko ni ban kai ga ƙagawa ba. Aka ce wa ya gaya muku, suka dube ni suka yi tsit, don ni na kulle bakinsu. Sai wata maƙwabciya ta ce, “Ai dama, ɗiyar wa ce? Iyayenta Azna ne, har yau ba su bar al’adun kakanninsu ba.” Shi ke nan magana ta samu gindin zama. Mutanen da muke sayen geronsu muna ci, waɗanda Iya da kanta take aikawa wurinsu neman maganin sanyin ƙafa, rana ɗaya suka zama hujja.

Baba ya kai Nuru likita, aka gwada jini aka ce palu ne, zazzaɓin sauro da kowa ke yi a bakin tafki in damina ta ja baya. Aka yi masa allura, ya fara cin abinci, na ce alhamdu lillahi magana ta mutu. Ina! Iya ta ce, “Allura ta jiki ce. Kurwa fa, wa ya yi mata allura?” Kuma da an ambaci makaranta sai Nuru ya ƙanƙame Inna yana rawar jiki. Iyaye suka fara janye ’ya’yansu daga jardan, Hajiya mai makarantar ta ce wa Tanti ta zauna gida tukuna. Yanzu in ta wuce mata jan goyonsu suke yi gaba su rufe da mayafi, mai ƙosai ta ce ta ajiye kuɗi a ƙasa ba za ta karɓa daga hannunta ba.

Duk da haka ta zo dubiya. Ta yi sallama a ƙofar gida da ledar gwaba a hannu, Inna ta ce in je in sallame ta, kada ta taka mana zaure. Na fita na same ta.

Ta ce, “Sannu ƙanwata, ya jikin Nuru?”

Na ce da sauƙi.

“An ce kar in shiga ko?” Na sunkuyar da kai. Ta yi ɗan murmushi irin na wanda ya kwana biyu bai ci abinci ba, ta ce, “Ba komai. A riƙa ba shi ruwa da yawa, kuma ya shanye maganin duka ko ya ji sauƙi. Ke da kike kawo su kullum, kin taɓa ganin na yi wa ɗan wani mugun abu? Na yi ta tunani ko akwai wanda na ɓata wa rai a garin nan, ban samu ba.”

Kun san abin da na ce mata? Cewa na yi, “Allah ya tona asirin mai yi, Tanti.” Ta ce amin, ta miƙo mini gwabar ta juya. Ni na roƙa, ita ta shafa. Inna ta sa na zubar da gwabar a bola, akuyar maƙwabta ta cinye, kuma har yau akuyar tana nan garau ta fi ni ƙoshin lafiya.

To ga abin da ya sa na rubuto. Baba da dattawan unguwa sun yanke cewa jibi bayan sallar Juma’a za a kira Tanti gidanmu ta tsallake Nuru gaban mutane, wai ta haka maye ke sakin kurwa. In ta tsallake, ta amsa laifi da ƙafarta, kuma sunan maita ba ya wankuwa, har ’ya’yan da ba ta haifa ba zai bi. Wa zai ƙara ba ta ɗansa ta koya masa ko da wasan tafa-tafa? In ta ƙi, za a ce ta ƙi sakin yaro, kuma na ji samarin unguwa suna wata magana da ba ta yi mini daɗi ba. Ko ta ina ta juya ramin da na haƙa ne.

Kada ku ce ban gwada ba. Jiya Inna tana tankaɗe na zauna kusa da ita na ce, “Inna, labarin kular nan ni na ƙaga shi, don su daina makarar da ni.” Ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, “Ke dai ba ki san lokacin wasa ba. Ba ke ce kika ce kin ga kifi mai gemu yana alwala ba? Tashi ki ba ni wuri.” Na rantse, na yi kuka na gaske. Iya da ke ɗaki ashe tana ji, ta fito ta ce, “Kun gani? Ta gama da ƙaramin, ta fara juya bakin babbar.” Aka kama ni aka ɗura mini rubutu, aka turara ni da hayaƙi har na yi ta tari kamar tsohon babur. Karo na farko da na faɗi gaskiya tsirararta ba gishiri, magani aka ba ni. Na koma wurin Nuru na ce masa ƙarya nake, babu komai a kula sai kunu. Ya sa ɗan hannunsa ya toshe mini baki, idonsa cike da hawaye, ya ce, “Yaya yi shiru, za ta ji ki.” Shi yana ƙoƙarin cetona ne daga abin da na ƙera da bakina.

Saura Baba, kuma shi nake tsoro. Ya riga ya faɗa a majalisa cewa da kunnensa ya ji, ya sa dattawa sun taru. In na ce masa ’yarsa ce ta mayar da shi abin dariya, duka ba shi ne damuwata ba, na saba, fatata ta kusa zama ganga. Cire ni daga kolej zai yi, don dama yana cewa boko ne ya ƙara mini tsawon harshe. In kuma shi ma ya ce an juya mini baki fa? Na yi tunanin zuwa wurin liman, na yi tunanin Hajiya mai makaranta, na yi tunanin in je in faɗi gaban Tanti in gaya mata ta yi yadda ta ga dama da ni. Har na yi tunanin in bari sai an taru jibi in miƙe a tsakiyar mutane in yi musu muryar nan ta yaran cikin kula, ko yaran za su ce ai muryar Yaya ce. Sau nawa na ɗauki hijabi na kai zaure na dawo? Abinci ba ya shiga, a aji malami yana magana ni ina ganin ƙafar Tanti a sama za ta tsallake ƙanena.

Na yarda a zage ni, amma duk wanda ya zaga don Allah ya haɗa da shawara. Wanda duk gari ya san shi da ƙarya, ta wace ƙofa zai shigo da gaskiya a karɓa? Wa zan fara samu, kuma da wace kalma zan buɗe baki? Jibi ne fa, kuma ita har yanzu ƙanwata take ce mini. Me zan yi?